Shin Ko Kun San? Mudun da Ake Auna Wasannin Bidiyo da Shi

Tun daga 2020 sabon babban wasan bidiyo yakan kai dala 70 a Amurka, ga shi kuma yana iya cinye wa mutum awa hamsin ko ɗari kafin ya ga ƙarshensa. Ba wanda zai so ya zuba wannan kuɗi da wannan lokaci a makance, don haka ake neman ta bakin masu sharhi. Da bakunan suka yi yawa, sai aka dunƙule su zuwa lamba ɗaya tal. Ga labarin wannan lamba.

Shin ko kun san mutum uku ne suka kafa Metacritic, dandalin da ya fi kowanne ƙarfi wajen haɗa makin masu sharhi? Marc Doyle ne da 'yar'uwarsa Julie Doyle Roberts da abokinsu Jason Dietz. Sun buɗe shi a Janairun 2001, kamfanin CNET ya saye shi a 2005, daga 2022 kuma ya koma hannun Fandom. Aikinsa shi ne ya tattara makin da mujallu da jaridu suka ba wasa, ya mayar da kowanne bisa ɗari, sannan ya fitar da matsakaici. Sai an samu sharhi aƙalla huɗu kafin lamba ta fito.

Shin ko kun san ba duk masu sharhi ne bakinsu ke da nauyi ɗaya a wannan lissafi ba? Metacritic na fifita makin wasu kafafe a kan na wasu, kuma bai taɓa bayyana wa jama'a wa ya fi wa ba, ko da nawa. Wato tun kafin a fara tarawa da rabawa, wani mutum ya riga ya zauna ya yanke hukunci da ra'ayinsa a kan wanda ya cancanci a fi saurara. Wannan ɓoyo na daga cikin abin da ya sa aka buɗe OpenCritic a 2015, wanda shi yake ɗaukar kowane sharhi da nauyi ɗaya.

Shin ko kun san idan mujalla ta ba wasa harafi, kamar yadda malami ke yi a takardar sakamako, Metacritic ne ke fassara harafin zuwa lamba? A wurinsa B na nufin 75, C kuma 50. Mai sharhin da ya rubuta C yana nufin wasan ya ci jarrabawa, ba yabo ba fallasa. Amma 50 a idon masu buga gem faɗuwa ce warwas. Hannu ɗaya ya rubuta abu, wani hannun ya mayar da shi abin da mai shi bai nufa ba.

Shin ko kun san fim da ya samu 61 a Metacritic kore ake shafa masa, alamar ya yi kyau, amma wasan bidiyo sai ya kai 75 kafin ya ga koren? Daga 50 zuwa 74 ruwan ɗorawa ne, ƙasa da 50 ja. Dalili shi ne masu sharhin wasanni sun saba raba maki tsakanin 7 da 10, kamar sauran lambobin ba su nan. A kan haka 7 cikin 10, wanda a hankalce maki ne mai kyau, ya zama kusan zagi a wannan duniya.

Shin ko kun san har yau ba wasan da ya kai 100 a can? Na sama shi ne The Legend of Zelda: Ocarina of Time na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a 1998, da maki 99. Biye da shi akwai masu 98, irin su Soulcalibur da Tony Hawk's Pro Skater 2 da Grand Theft Auto IV. Sai dai a lura: lokacin da Ocarina ya fito ba a ma haifi Metacritic ba. Daga baya aka bi tsofaffin sharhi aka tattaro, guda ashirin da 'yan kai. Babban wasa na yau kuwa sharhi sama da ɗari ake haɗa masa, kuma cikin mutum ɗari da wuya a rasa wanda abin bai burge ba. Jera 99 na 1998 kusa da 96 na yau a ce wannan ya fi wancan, tamkar auna hatsi ne da mudu biyu masu bambancin girma.

A can ƙasan rijiya kuma akwai Big Rigs: Over the Road Racing na 2003, wasan tseren manyan motoci, da maki 8. Motarka na ratsa gini da gada kamar iska, motar abokin tsere kuma, a fitowar farko, ko motsi ba ta yi daga inda aka tashi. Nan kam babu maganar ɗanɗano. Kaya ne da ba a gama ƙerawa ba aka kai kasuwa, kuma a irin wannan wuri lamba tana faɗin gaskiya tsirararta.

Shin ko kun san maki ɗaya ya taɓa hana wani kamfani ladan aikinsa? Wannan shi ne labarin da ya fi tsaya mini a rai. Kamfanin Obsidian ne ya ƙera Fallout: New Vegas, ya fito a Oktoban 2010 a ƙarƙashin Bethesda. Yarjejeniyarsu ita ce a biya su kuɗin aiki kawai, ba su da kaso a ciniki, amma akwai ƙarin lada idan wasan ya samu 85 a Metacritic. Ya samu 84. Chris Avellone, ɗaya daga cikin manyan kamfanin a lokacin, shi ya fito ya faɗi haka a 2012. Abin da ya ja makin ƙasa shi ne kurakuran manhaja da wasan ya fito da su, yana daskarewa, abubuwa suna rikicewa. Daga baya an gyara da yawa daga ciki, kuma a yau masu buga irinsa da dama suna sa shi a sahun gaba saboda ƙarfin labarinsa da yadda zaɓin ɗan wasa ke sauya al'amura. Ya sayar da miliyoyi. Amma 84 ɗin na nan daram. Ku yi tunani: da masu sharhi biyu ko uku sun tashi da walwala a ranar da suka rubuta nasu, suka sa 9 a inda suka sa 8, da lissafin ya sauya. Waɗannan marubuta ba su san cewa alƙalaminsu yana taɓa aljihun wasu ba, kuma bai kamata a ɗora musu wannan nauyi ba. Mai sharhi don mai saye yake rubutu. Ranar da aka mayar da ra'ayinsa sharaɗin kwangila, an zalunce shi, an kuma zalunci masu aikin.

Ba kuma su kaɗai ba ne. A 2012 wata shari'a ta fito da kwangilar Bungie da Activision fili, aka ga an yi alkawarin dala miliyan 2.5 idan wasan Destiny ya samu 90 a GameRankings, wani dandalin haɗa maki da aka rufe a 2019. Da wasan ya fito a 2014 a cikin saba'in da wani abu ya tsaya. A 2012 ɗin dai kamfanin Irrational Games, masu BioShock, ya fitar da tallar neman ma'aikaci, cikin sharuɗɗa har da cewa sai mai nema ya taɓa aiki a wasan da ya samu 85 ko fiye.

Shin ko kun san a Japan tun 1986 mujallar Famitsu ta ɗauki wata hanya daban? Mutum huɗu take sa wa su buga wasa, kowa ya ba da maki bisa 10 tare da ɗan bayaninsa, a jera su kafaɗa da kafaɗa, sannan a haɗa bisa 40. Mai karatu yana ganin jimilla, yana kuma ganin inda aka saɓa. An shafe shekara 12 kafin wani wasa ya samu 40 cif, kuma Ocarina of Time ɗin nan ne. Wasan farko daga ƙasashen Yamma da ya samu haka shi ne Skyrim a 2011. Mujallar Edge ta Ingila ita ma ta yi suna da rowar maki: an fara ta a 1993, ba ta ba kowa 10 ba sai Super Mario 64 a 1996.

Edge ɗin ce ta ba Doom 7 a 1994, mai sharhin yana cewa da ma a ce ana iya magana da dodannin da ke ciki, a ƙulla ƙawance da su, maimakon harbi kawai. An daɗe ana yi masa dariya. Ni kuwa ina ganin ya faɗi abin da ransa ke so ne daga wasa, kuma shekaru 21 bayan haka Undertale ya fito, wasan da ginshiƙinsa shi ne za ka iya yin magana da dodanni ka ƙi kashe su, jama'a suka yi ta yabo.

Shin ko kun san akwai wasan da ya shiga kundin bajinta na Guinness saboda ya raba kan masu sharhi? Deadly Premonition ne na 2010, na wani ɗan Japan da ake kira Swery. Kafar IGN ta ba shi 2 cikin 10, kafar Destructoid ta ba shi 10 cikin 10. Su biyun abu ɗaya suka gani: hoto irin na zamanin baya, tuƙi mai wahala, faɗa maras daɗi, da wani gari mai cike da mutane masu ban mamaki waɗanda kowannensu ke da harkokinsa na yini. Ɗaya ya ce lalacewar ta kashe wasan. Ɗayan ya ce garin da mutanensa sun biya shi duk wahalar. Babu maƙaryaci a cikinsu. Idan ka haɗa 2 da 10 ka raba biyu ka samu 6, to ka samo makin da babu ɗayansu da ya bayar, kuma ka ɓoye wa mai saye babban abin da ya kamata ya sani, wato wannan wasa ne da ko dai ka so shi sosai ko ka ƙi shi sosai. Wasa mai 68 saboda kowa ya ce ba laifi, da wasa mai 68 saboda rabi sun haukace a kansa rabi sun tsane shi, ba abu ɗaya ba ne. Ni na biyun nake nema.

Irinsa suna da yawa. God Hand na Shinji Mikami ya samu 3 daga IGN a 2006, daga baya IGN ɗin da kanta ta sa shi cikin fitattun wasanni 100 na PlayStation 2. Alien: Isolation ya samu 5.9 daga IGN a 2014, mujallar PC Gamer kuwa ta zaɓe shi gwarzon wasan shekarar. Death Stranding na Hideo Kojima, wanda yawancinsa tafiya ce da kaya a baya cikin duwatsu, ya samu 6.8 a IGN, 9 a GameSpot, 40 cif a Famitsu a 2019. Abincin wani, gubar wani.

Shin ko kun san an taɓa korar mai sharhi bayan ya ba wasa 6? A Nuwamban 2007 Jeff Gerstmann na GameSpot ya ba Kane & Lynch: Dead Men wannan maki, a daidai lokacin da tallar wasan ta mamaye shafin. Ba a jima ba aka sallame shi. Abokan aikinsa da dama suka bi shi suka bar wurin, suka kafa Giant Bomb a 2008. Sai a 2012 ya samu damar yin magana, ya tabbatar cewa matsin masu talla a kan shugabannin wurin ne ya jawo korar.

Matsi kuma ba daga kamfanoni kaɗai yake zuwa ba. Gerstmann ɗin nan ya sha zagi da barazana a 2006 don ya ba wani wasan Zelda 8.8. Carolyn Petit ta ba Grand Theft Auto V maki 9 a 2013, ta yabe shi, amma ta ce yadda yake nuna mata ya dame ta; sai ga dubban mutane suna neman a kore ta. A 2017 Sterling, mai sharhin da ya ba Deadly Premonition 10, ya ba Breath of the Wild 7, makin wasan a Metacritic ya sauko daga 98 zuwa 97, masoyan wasan suka kai wa shafinsa farmaki har ya durƙushe. Yawancin masu wannan fushi ba shawara suke nema ba, don sun riga sun sayi wasan. So suke lamba ta tabbatar musu cewa zaɓinsu daidai ne.

Shin ko kun san an taɓa gwada rubuta sharhin da babu ra'ayi a cikinsa ko kaɗan? Sterling ne ya yi a 2010 a kan Final Fantasy XIII, bayan an yi ta ce masa ya daina sa son ransa. Abin da ya fito shi ne jerin bayanai: wasa ne, yana da hoto, yana da sauti, ana danna maɓalli. Ba wanda zai karanta ya san ko ya saya ko kada ya saya. Akwai abin da ake iya ƙirgawa a wasa, kamar yawan hotuna a daƙiƙa, ko sau nawa ya daskare, ko tsawon lokacin lodi. Amma ko labarin ya taɓa zuciya, ko wahalarsa mai daɗi ce ko mai ban haushi, wannan sai mutum. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Shin ko kun san Metacritic ba ya sauya makin farko da kafa ta bayar, ko da ta janye shi? SimCity na 2013 sai da intanet ake buga shi. Kafar Polygon ta gwada shi kafin a sake shi, komai lafiya, ta ba shi 9.5. Da jama'a suka shigo, sabobin kamfanin suka kasa ɗauka, mutane suka kasa shiga wasan da suka saya. Polygon ta rage zuwa 8, sannan zuwa 4. A Metacritic 9.5 ɗin ne ya zauna. Hujjarsu ita ce idan aka bar ƙofar sauyi a buɗe, kamfanoni za su riƙa matsa wa masu sharhi su ƙara maki. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana nufin lambar hoto ne na mako ɗaya.

Cyberpunk 2077 ya nuna wani ramin. Kafin fitowarsa a Disamban 2020, na kwamfuta kawai aka ba masu sharhi, makinsa ya fara a wajen 90. Wanda ya gani ya ruga ya sayi na PlayStation 4 ya tarar da wani abu daban, wanda daga baya ya samu 57. Cikin kwanaki Sony ta cire shi daga shagonta, bai dawo ba sai Yunin 2021. No Man's Sky kuwa akasin haka ne: ya fito a 2016 babu abubuwa da yawa da aka yi alkawari, na kwamfuta ya samu 61, ƙaramin kamfanin Hello Games ya yi ta ƙara masa kaya kyauta shekara da shekaru har ya zama wani wasa daban. A Steam, shagon wasannin kwamfuta inda sabon sharhi ke ci gaba da shigowa, a 2024 ya hau matakin yabo sosai. A Metacritic 61 yana nan.

Shin ko kun san makin da jama'a ke bayarwa a Metacritic shi ma yana da nasa ciwon? The Last of Us Part II ya fito ranar 19 ga Yunin 2020. Wasa ne na wajen awa 25, amma cikin 'yan awanni dubban sifili sun sauka a kansa, makin jama'a ya faɗi ƙasa da 4 cikin 10, na masu sharhi yana sama da 90. Wasu na da ƙorafi na gaske a kan labarin, amma waɗanda suka fara rubutu ba yadda za a yi a ce sun gama shi, kuma Metacritic ba ya tambayar shaidar saye. Daga nan ya sa dokar jira na awa 36 bayan fitowar wasa. Steam ya fi shi tsari a nan: babu lamba, ko ka ce ka yaba ko ba ka yaba ba, kuma ana nuna awa nawa ka yi kana bugawa. Tun 2019 kuma kamfanin Valve, mai Steam, ke ware ruwan sharhin da bai shafi wasan ba daga lissafi.

Duk da haka sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Mayun 2024 Sony ta ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, alhali ba a buɗe shi a hukumance a ƙasashe sama da ɗari, ciki har da galibin na Afirka. Dubban ɗaruruwan sharhin ƙin amincewa suka zubo a Steam, cikin 'yan kwanaki Sony ta janye. Wannan maki bai ce komai a kan daɗin wasan ba, amma ya yi aiki.

Shin ko kun san wasu kafafe sun taɓa jefar da maki gaba ɗaya? Eurogamer ta daina a 2015, ta koma cewa wannan dole ne a buga, wannan mun yaba, wannan a guje shi. Polygon ta bi sahu a 2018. IGN kuma a 2020 ta daina irin su 7.8 da 8.3 ta koma cikakkun lambobi, don ba wanda zai iya rantsuwa a kan bambancin 7.8 da 7.9. Amma a 2023 Eurogamer ta dawo da taurari biyar. Mai sauri yana buƙatar alama, kuma ban ga laifinsa ba. Ni ma ina duba lambar. Idan mutum tamanin da ba su haɗa baki ba suka ce wasa ya kai 90, da wuya ya zama ruɓaɓɓen kaya. Idan suka ce 40, akwai abin da ya lalace. Tsakanin 65 da 85 ne nake rufe lambar in buɗe sharhi biyu, mafi yabo da mafi suka, in ga wanne ne abin da ya dame shi zai dame ni.

Shin ko kun san wasan ƙwallon da ya cika gidajen gem na garuruwanmu shi ma ya ɗanɗana wannan? Da Konami ta sauya wa PES suna zuwa eFootball, ta sake shi a ƙarshen Satumban 2021, fuskokin 'yan wasa suka fito a karkace, ƙungiyoyi 'yan ƙalilan, har ya zama wasan da ya fi kowanne munin sharhi a Steam a lokacin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Abokin hamayyarsa ma bai tsira ba. A 2020 EA ta fitar da FIFA 21 na Nintendo Switch ba tare da sauya komai ba sai riguna da sunayen 'yan wasa. Mai sharhin IGN ya ɗauko sharhin da ya rubuta wa FIFA 20 a shekarar da ta gabata ya sake liƙa shi, ya bayyana dalilinsa a sama, ya rage makin daga 4 zuwa 2.